Faɗuwar masu fenti daga tsani: tun wajen cinikin jinga ake ƙulla haɗarin

Duk wanda yake zaune a Kano ko Kaduna ko Zariya ya san yadda gari yake komawa idan azumi ya raba tsakiya, ko ina ka duba fenti ake yi, gidaje da shaguna da masallatai, kowa so yake Sallah ta same shi da sabon bango, ga kuma masu kai amarya bayan Sallah da suke ta matsawa a gama musu ɗaki. Lokacin ne kasuwar masu fenti take buɗewa, kuma lokacin ne zaka ɗaga kai ka hango mutum can saman bene a kan tsanin katako guda biyu da aka haɗa da ƙusa aka ƙara da igiya, hannu ɗaya rola ɗayan bokiti, ƙafarsa silifas, a ƙasa kuma ba kowa sai tayis. Mun saba gani har abin ya daina ba mu tsoro. In ya faɗo sai a ce tsautsayi ne Allah ya kiyaye gaba, a haɗa masa ɗan abin da ya samu a kai shi wajen mai ɗori, washegari wani ya hau tsanin nan dai ya ƙarasa aikin.

Ni dai a ganina mafi yawan faɗuwar nan tun ranar da aka zauna cinikin jinga ake ƙulla ta, amma kafin a fahimci haka sai an fara gane abin da tsani yake iyawa da wanda ba ya iyawa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan mutum 684,000 ne suke mutuwa duk shekara sanadiyyar faɗuwa, bayan haɗarin mota ita ce ta biyu a cikin haɗurran da suke kashe mutane, kuma sama da kashi 80 cikin 100 na mace-macen a ƙasashe irin namu ne masu ƙaramin ƙarfi da matsakaici. Lissafin ya haɗa da tsofaffi da yara, ba ma'aikata kaɗai ba. Wanda ya fi kusa da maganarmu shi ne na Amurka, inda hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasar, wato CDC, ta duba alƙaluman shekarar 2011 ta samu ma'aikata 113 sun mutu ta hanyar faɗowa daga tsani, wasu kimanin 34,000 kuma sun je sashen gaggawa na asibiti, sannan a cikin masu aikin gini kashi 81 cikin 100 na raunin faɗuwa da aka kai gaggawa akwai tsani a ciki. Wannan fa ƙasar da tsanin na kamfani ne, an gwada nauyin da zai ɗauka an liƙa a jikinsa, kuma akwai sufeto mai cin tara. Toh ina ga mu da kafinta ne yake haɗa shi da ragowar katakon rufi.

Mutane da yawa suna raina tsayin, zaka ji ana cewa ai ba wani nisa ba ne, hawa ɗaya ne kawai. Hawa ɗaya wajen mita 3 ne. Wanda ya suɓuto daga mita 3 ko daƙiƙa ɗaya ba ya cikawa a iska, kuma yana isa ƙasa da gudun kusan kilomita 28 a awa, daga mita 6 kuwa, wato wajen rufin bene, gudun ya kai kilomita 39 a awa, daidai yake da mai babur ya daki bango da wannan gudun ba hular kwano. Babu lokacin da zaka gyara faɗuwa ko ka kama wani abu, duk labarin "ai ni na iya dira" labari ne kawai. Shi ya sa a Birtaniya da suka yi dokar aiki a sama a 2005 suka watsar da tsohon ma'aunin mita 2, suka ce duk tsayin da mutum zai iya faɗowa ya ji ciwo to ya shiga dokar, ko da kan duro ne.

Shi kuma fenti yana da wata matsala tasa daban da sauran aikin sama. Mai gyaran dish ko mai sa ƙwan lantarki wuri ɗaya yake hawa, ya yi abin da zai yi ya sauko. Mai fenti bango guda zai rufe daga wannan kusurwa zuwa waccan, alhali tsani iya tsawon hannu kawai yake ba shi, kenan duk bayan 'yan mintuna sai ya sauko ya matsar ya sake hawa da bokiti, haka har yamma. A nan ne gajiya da gaggawa suke haɗuwa, mutum ya ga saura ɗan wuri kaɗan can gefe, maimakon ya sauko sai ya miƙe jiki ya ɗaga ƙafa ɗaya don rola ta kai, nauyinsa ya fita daga tsakiyar tsanin, kan tsanin ya zame gefe a jikin bangon da shi kansa ya gama jiƙa shi da fenti. Ƙa'idar masana a nan mai sauƙi ce, kada cibiyarka ta wuce sandunan gefe guda biyu. Akwai ma masu yin abin da ya fi wannan muni, suna kan tsanin su riƙa tsalle da shi suna matsar da shi don kada su sauko, kuma wallahi a wajen wasu yara ana ɗaukar wannan a matsayin ƙwarewa. Ga kuma maganar riƙo, doka ita ce ko yaushe gaɓoɓi uku su kasance a jikin tsani, ƙafa biyu da hannu ɗaya ko hannu biyu da ƙafa ɗaya, toh wanda ya riƙe bokiti da hagu buroshi da dama kansa a ɗage yana kallon silin, da me ya riƙe? Ƙugiyar rataye bokiti da mai walda zai lanƙwasa maka da guntun rodi ta isa ta 'yanta hannu ɗaya, amma sau nawa kake ganinta.

Sai kafa tsanin kansa. Ma'aunin da hukumomin kare lafiyar ma'aikata a wurin aiki, HSE ta Birtaniya da OSHA ta Amurka, duk suka yarda da shi shi ne ɗaya bisa huɗu, in tsayin inda tsani ya jingina mita 4 ne to ƙafarsa ta yi nisan mita 1 daga bango. In ya miƙe da yawa zai kife da kai ta baya, in ya kwanta da yawa ƙafar ce zata zame. Ba sai da tef ba, ka tsaya yatsun ƙafarka a gindin tsanin ka miƙa hannuwa gaba sosai, in tafin hannunka ya sauka a kan matakin da yake daidai kafaɗarka to ya yi. In kuma hawa za a yi zuwa kan rufi ko baranda, kan tsanin ya zarce wurin da wajen mita 1, kuma matakai uku na ƙarshe ba wurin tsayawa ba ne. Matsalar ita ce yadda muke gini, gida ya cinye fili gaba ɗaya, tsakanin bango da katanga ɗan lungu ne da mutum da kyar yake wucewa, babu inda za a samu ɗaya bisa huɗun, sai a tsayar da tsanin cak ko a ɗora ƙafarsa a kan katanga ko a tsallaka kwata a tokare da bulo. Tsakar gida kuma yanzu duk tayis ne ko intalok, tsanin katako ba shi da roba a ƙafa, ƙura ko ɗigon fentin ruwa ya ishe shi. Za a ce ai akwai yaro yana riƙewa. Su masu ilimin abin sun sa riƙewa a matsayin dabara ta ƙarshe bayan an rasa inda za a ɗaure, don gaskiya yaro ɗan shekara goma sha ba zai tare dogon tsani da babban mutum a samansa ba in ya fara tafiya, sau da yawa ma yaron shi ne mai dama fenti kuma shi ake aika sayen abinci.

Wani abu da ya kamata a tsaya a kansa, HSE cewa ta yi tsani na ɗan gajeren aiki ne, in aiki zai sa ka wuce minti 30 a kai to ka nemi wani abin hawan. Mai fentin bene yini yake yi. Kenan a ma'aunin waɗanda suka yi nazarin abin, tsani tun asali ba kayan aikin fentin bene ba ne, sikafo ne kayan aikinsa, inda mutum zai tsaya a kan faffaɗan katako da abin tarewa a bayansa ya ajiye bokitinsa ya yi aiki da hannu biyu.

Jikin mai aikin ma yana da nasa kason. Daga Maris zuwa Mayu zafin Kano da Sakkwato da Maiduguri yana haura digiri 40, kuma a 'yan shekarun nan azumi a cikin bazara ko daf da ita yake faɗowa, mutum ya yi ta gumi tun safe ba ruwa, da azahar ya ɗaga kai sama jiri ya ɗebe shi. In fentin mai ne ga warin tina, wasu ma da fetur ko kananzir suke sirkawa don sauƙi, a cikin ɗaki ko matattakalar bene da ba iska wannan warin kaɗai yana sa juwa da ciwon kai. Akwai kuma abin da ba a so a faɗa, ƙwayoyin da wasu matasa leburori suke sha wai don ƙarfin aiki, irin su tiramol, suna rage jin gajiya amma suna taɓa hankali kuma suna iya jawo jijjiga, wanda jijjiga ta kama shi a mita 5 sai dai addu'a. Mafita ɗaya da ba ta cin ko sisi ita ce a yi aikin sama da sassafe bayan Asuba, a bar na ƙasa zuwa rana.

Wayar wuta kuma ita ce ba ta ba da dama ta biyu. Unguwanni da yawa benaye sun taso har sun kusa taɓa babban layin wuta mai ƙarfin 11kV, shi kuma irin wannan layin ba sai ka taɓa shi ba, in ƙarfe ya matso kusa sosai wutar tana iya tsallakowa. Tsanin alminiyom da doguwar sandar rola ta ƙarfe duk hanya ce. Wani lokacin wutar ba ita take kisa ba, fizgar da zata yi maka ce take jefo ka. Kuma don Allah a daina cewa ai an ɗauke wuta, ba wanda yake sanar da kai lokacin da za a dawo da ita, ga janareta da sola a gidaje.

Toh yanzu mu dawo wajen ciniki. Yawancin aikin fenti a wajenmu jinga ne, a yi kuɗin gida gaba ɗaya, mai gida ya sayi fenti, mai fenti ya zo da hannunsa da yaransa da abin hawansa. Kaga duk abin da zai kashe wajen hayar sikafo da kuɗin motar da zata kawo shi da ladan masu kafawa da yinin da za a ɓata ana kafawa, daga cikin ribarsa zai fita. In ya ce "Alhaji wajen nan fa sai da sikafo, a ƙara wani abu," amsar da ya fi samu ita ce "Haba Malam, wanda ya yi min wancan karon ai da tsani ya yi, in ba zaka iya ba akwai masu so." Kuma da gaske akwai masu son, su biyar suna jiran a kira su, kowa da iyali ga Sallah ta matso. Mai fentin da ya sa kuɗin kariya a lissafinsa shi ne mai tsada, shi ne zai rasa aikin, wanda ya yarda ya sa ransa shi ne zai samu. Haka kasuwar take tace masu taka-tsantsan tana fitar da su, ta bar masu kasada. A manyan ayyuka ma haka ne ta wata fuskar, kamfani ya karɓi kwangila ya ba ɗan kwangila ƙarami, shi kuma ya ba wani oga mai fenti, ogan ya kwaso yara a biya su kullum, kowane mataki an yanki wani abu, kafin kuɗin ya iso hannun wanda zai hau sama babu ko na igiya. Ga wa'adi, "ina so kafin jajibere an gama," jinga kuma ba ta biyan lokaci, iya saurinka iya samunka, shi ya sa saukowa a matsar da tsani yake zama kamar asara a idon mai aikin.

Wanda aka fi turawa can ƙololuwa kuma yaron koyo ne, wai shi ne marar nauyi. Shi ne bai san yadda katako mai tsagewa yake ba, shi ne kuma ba zai iya ce wa oga a'a ba.

Mun yi imani da ƙaddara, ba musu. Amma Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, cewa ya yi da mai raƙumi ya ɗaure sannan ya yi tawakkali. Mai gidan da ya ga tsanin da aka ɗaure da igiya ya kau da kai saboda ya samu aiki da araha, bai kamata ya fake da ƙaddara ranar da aka kwashi mutum a tsakar gidansa ba.

Abin da ake yi a mintunan farko bayan faɗuwa shi ma yana nakasa mutane, wani lokacin fiye da faɗuwar. Da mutum ya faɗo sai a rufu a kansa, wannan ya kama hannu wancan ƙafa, a zaunar da shi a yayyafa ruwa a ce ya miƙe ya taka, a naɗe shi a cusa a adaidaita sahu. In ƙashin wuya ko na baya ya tsage amma laka ba ta taɓu ba, wannan ɗaukar ce zata iya ƙarasa ta, mutumin da zai warke ya koma shanyayye har abada. In ba wani haɗari ne a wurin ba a bar shi yadda yake, mutum ɗaya ya riƙe kansa kada ya juya, a kira 112 ko a nemo mota, in dole sai an ɗauka a samo ƙofa ko faffaɗan katako a mirgina shi a kai gaba ɗaya kai da jiki a miƙe. Wanda ya dira da ƙafa yawanci ƙashin dunduniya ne yake farfashewa, kuma likitocin ƙashi sun san kusan ɗaya cikin goma na masu irin wannan karayar akwai wata a ƙashin baya da zafin ƙafar yake ɓoyewa, don haka a yi hoton bayan ma. Wanda ya tokare da hannu wuyan hannu ne, ga mai fenti kuwa wuyan hannu shi ne jarinsa. Wanda ya bugu a ka ya suma ya farfaɗo yana magana lafiya lau, kada a ce ya je gida ya kwanta, akwai zubar jini a cikin ƙoƙon kai da take ba mutum 'yan awanni garau kafin ta kayar da shi, amai ko barci mai nauyi ko ruɗewa ko ciwon kai mai ƙaruwa duk alamar a ruga asibiti ne, irin su Asibitin Malam Aminu Kano ko na koyarwa da ke Sakkwato ko Shika inda akwai likitocin ƙwaƙwalwa.

Maganar masu ɗori kuma sai an yi adalci, mutane suna zuwa wajensu ne don suna kusa, suna da sauƙi, ana iya biya a hankali, kuma akwai tsoron asibiti zai yanke ƙafa. Amma ɗori ba ya ganin cikin gaɓa, karayar da ta shiga mahaɗa ko wadda ƙashi ya huda fata ba ta kara da tsumma ba ce, kuma in aka ɗaure tamau a kan kumburi jini yana daina zuwa, yatsu su yi sanyi su yi baƙi, naman ya mutu. Da yawa daga cikin yankewar da ake tsoro a Asibitin Ƙashi na Dala, wanda yake aiki tun 1959, irin waɗannan ne da suka iso bayan gaɓar ta riga ta ruɓe.

Sai tambayar wa zai biya. Akwai doka, mutane ne ba su san ta ba. Dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010, wadda hukumar asusun inshorar ma'aikata ta NSITF take gudanarwa, ta ce duk mai ɗaukar ma'aikata ya riƙa zuba aƙalla kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin da yake biya a asusun, daga aljihunsa, haramun ne ya cire daga kuɗin ma'aikaci. Kuma ma'aikaci a dokar ya haɗa da na wucin gadi da mai aikin yini da ɗan koyo. Ba sai an tabbatar da laifin wani ba, in dai a bakin aiki ka ji ciwon, akwai kuɗin magani, wanda ya nakasa gaba ɗaya kuma ana biyansa kashi 90 cikin 100 na abin da yake samu duk wata, in rasuwa ce iyalinsa suke karɓa. Dokar ta ma ɗora nauyin kuɗin asusun a kan wanda ya ba da kwangila tare da ɗan kwangilar, don kada kowa ya ce ba yarona ba ne. A takarda ta yi kyau sosai. A ƙasa kuwa alƙaluman hukumar ƙididdiga ta ƙasa sun nuna sama da kashi 90 cikin 100 na masu aiki a Najeriya ba a tsarin hukuma suke ba, mai fentin unguwa ba rajista ba takardar ɗauka ba shaidar nawa yake samu, diyyarsa ita ce tausayin mai gida da karo-karon abokan sana'a, wanda yakan ƙare tun ciwon bai warke ba, alhali karayar dunduniya kaɗai tana iya hana mutum taka ƙafar wata biyu zuwa uku.

A nan ne nake ganin ƙungiyoyin masu fenti na unguwanni da jihohi suke da aikin yi wanda ya wuce karɓar kuɗin kati. In suka haɗu suka tsayar cewa duk aikin da ya wuce hawa ɗaya kuɗin sikafo daban ake rubuta shi kamar yadda ake rubuta kuɗin fenti, mai gida ne zai biya, kuma ba ɗan ƙungiyar da zai karya wannan, to mai taka-tsantsan ya daina zama mai tsada. Su sayi sikafo na ƙungiya su riƙa ba 'ya'yansu haya da sauƙi. Mai gida kuma tun wajen ciniki ya tambaya da me za a hau, ya je ya ga tsanin da idonsa, a kuma faɗa a gaban shaidu wa zai ɗauki magani in wani abu ya faru.

Wanda kuma yake aiki ƙarƙashin kamfani ko ɗan kwangila mai rajista ya riƙe waɗannan wa'adin, don saɓa su ne yake sa mutane su rasa diyya: ka sanar da wanda ya ɗauke ka cikin kwana 14, kai ko wani naka, shi kuma doka ta ba shi kwana 7 ya kai rahoto NSITF, sannan a shigar da neman diyya cikin shekara 1. A ɗauki hoton tsanin da wurin da waya kafin a kawar, a karɓi lambar waɗanda suka gani, a adana katin asibiti da hoton ƙashi da duk rasit ɗin magani, in ogan ya ƙi kai rahoto iyalan su tafi ofishin NSITF na jiharsu da takardun da kansu.